Amsoshin Tambayoyinku: Giyar da ke Cikin Miya, Kuɗin Tebur, da Gahawar da ta Dace a Saya

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan cin abinci a waje ne: inda za a shiga, abin da za a sha, da abin da za a biya. Da yawa sun fito ne daga 'yan'uwan da karatu, aiki ko fatauci ya kai ƙetare. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Anti, ni ɗalibi ne a birnin Torino na ƙasar Italiya. Tun zuwana ban taɓa shiga ƙananan gidajen abincin unguwa ba, daga shagon kebab sai manyan shagunan nan masu rassa a kowace ƙasa, don tsoron kada in ci haram. An ce min da giyar inabi suke girki, wani abokina kuma ya ce ba komai, wuta tana ƙone ta. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Ƙanena, wanda ya ce maka suna girki da giya bai yi ƙarya ba. Abokinka kuwa rabin gaskiya ya riƙe. Wuta tana rage barasa, amma ba kasafai take kawar da ita duka ba. An auna wannan a Amurka, a wani bincike da aka wallafa a 1992 wanda Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar take kafa hujja da shi. Idan aka zuba giya a tafasasshiyar miya aka sauke nan take, kashi 85 cikin 100 na barasar yana nan. Idan aka cinna mata wuta ta yi balbalin nan da ake burge baƙi da shi, kashi 75 yana nan daram. Dahuwar minti 15 tana barin kashi 40, ta awa ɗaya kashi 25, sai an kai awa biyu da rabi a kan wuta kafin ta sauko kashi 5. Hukunci na malamai ne, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. Ni dai abin da na tashi a kai shi ne hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗansa ma haramun ne. Abincin da na san an zuba wa giya ba na cin sa.

Sai dai wannan bai kai ya sa ka gama karatunka ba ka taɓa ɗanɗana girkin mutanen da kake zaune a cikinsu ba. Ƙaramin gidan abinci, irin wanda suke kira trattoria ko osteria, nan ne ma ka fi samun kariya, domin akwai wanda za ka tambaya ya ba ka amsa da sani. A babban shago mai rassa, sau da yawa miyar a ƙulle take zuwa daga masana'anta, yaron da ke kan kanta bai ga lokacin da aka haɗa ta ba. A ƙaramin gida kuwa, wanda ya yi cefane da safe shi ne a kicin, galibi matarsa ko 'yarsa ce ke karɓar oda.

Ka riƙe bambanci ɗaya, zai yi maka amfani fiye da haddace sunayen abinci: akwai abin da ake dafawa bayan ka yi oda, akwai wanda aka ɗora tun safe. Risotto, shinkafar nan mai danƙo, kusan kullum da ɗan farin giya ake fara ta, da zarar an soya albasa da shinkafar. Amma da yake sai an nema ake ɗora ta, minti ashirin ta nuna, kuku zai iya barin giyar idan ka roƙa. Ka tambayi romon da zai zuba ma, na ganye ne ko na nama. Haka taliyar da ake yi da kayan teku. Ragù kuwa, miyar niƙaƙƙen naman da ake sa wa lasagna da tagliatelle, ta daɗe a kan wuta da giyarta, yawanci kuma da naman alade a ciki, babu yadda za a cire. A yankinku na Piemonte suna alfahari da brasato al Barolo, naman sa ne da ake jiƙawa a cikin jar giya kafin a dafa shi a cikinta. Taliyar carbonara da ta amatriciana da kumatun alade ake yin su. Idan ka ga guanciale, pancetta, prosciutto, speck, lardo ko salsiccia a rubuce, ka wuce, kayan alade ne. Akwai kuma strutto, narkakken kitsen alade da ke shiga wasu burodi da piadina, wanda ido ba ya gani sai an tambaya.

Inda mutane suka fi sakin jiki su faɗa shi ne kayan zaƙi na ƙarshe. Tiramisù sau da yawa da giyar Marsala ko wata barasa ake jiƙa biskit ɗinsa, kuma ko wuta ba ya gani. Zabaione da giya ake kaɗa shi, babà kuma a cikin giyar rum yake wanka. Ko gahawa, in ka ji an ce caffè corretto, an tsiyaya mata barasa ne.

Abin da ya rage maka yana da yawa, kuma mai daɗi ne: taliya da miyar tumatir, taliya da tafarnuwa da man zaitun, pizza margherita, gasasshen kifi, gasasshen yalo da barkono, miyar wake da ganye in ka tabbatar babu alade a gindinta. Nama kuwa, tunda maganar yanka ta shigo, ka saya a wurin mahautan Musulmi da ke kewayen kasuwar Porta Palazzo ka dafa a ɗaki.

Wajen tambaya, kada ka tsaya a "halal ne?" kawai. Mai yiwuwa bai san iyakar abin da kake nufi ba, ya ce maka e don ya faranta maka. Ka tambayi abu ɗaya-ɗaya: akwai vino a ciki? Akwai maiale? Sannan ka ce senza vino, senza maiale, wato ban da giya, ban da alade. Ka je da wuri, da sha biyu da rabi na rana ko bakwai da rabi na yamma, kafin kicin ya rikice. Ga kuma wata dabara: dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya. Alade da barasa ba sa cikin jerin, amma akwai solfiti, sinadarin da ke cikin kusan kowace giyar inabi. In ka gan shi a gefen sunan wata miya, ka ƙara tambaya, ko da yake ruwan khal da busassun 'ya'yan itace ma suna ɗauke da shi.

Ka zaɓi gida ɗaya ka riƙa komawa. Ba za a daɗe ba za ka ji matar tana leƙa kicin tana cewa na ɗalibin nan ne, kada a sa giya, kamar yadda mai shayin unguwarku ya san cokalin sukarinka ba sai ka faɗa ba.

Tambaya: Na je taro a Milano. Na ce a ba ni latte, aka kawo min madara zalla a gilashi. Washegari na sha gahawa a tsaye da yuro ɗaya da 'yan kai, da yamma na koma shagon na zauna a kujerun waje, aka caje ni ninki uku. Ba don sun ga baƙuwa ba ce?

Amsa: A'a 'yar'uwa, ba a cuce ki ba. Latte a wurinsu madara ce, abin da kika nema aka ba ki; da caffè latte kika ce. Farashi kuma biyu ne a shagunan gahawa da yawa na Italiya, na tsaye a kanta da na zama a tebur, kuma za ki gan su a rubuce a allon da ke kusa da mai karɓar kuɗi. Wanda ya zauna yana biyan kujera da mai kawo masa. A manyan dandali da masu yawon buɗe ido ke cika, tazarar ta fi haka ma. In kin ratsa layi biyu ko uku daga dandalin, inda kika ga ma'aikata da tsofaffin unguwa a tsaye, farashi zai sauko, gahawar kuma sau da yawa ta fi kyau.

Caffè kawai in kika ce, espresso za a ba ki, kurɓi biyu a ɗan ƙaramin kofi, mai ƙarfi. Macchiato shi ne aka ɗiga masa madara kaɗan. Cappuccino yana da madara mai kumfa, su da safe suke shan sa, amma ba wanda zai hana ki da rana. Americano espresso ne da aka ƙara wa ruwan zafi, shi ya fi kusa da abin da muka saba. A gidan abinci kuma za ki ga coperto a ƙasan rasit, 'yan yuro kaɗan a kan kowane mutum, kuɗin shimfiɗar tebur da burodi ne. Ya kamata ya kasance a rubuce a menu tun farko, ki duba kafin ki zauna.

Tambaya: Anti, ina aikin jinya a Manchester. Duk ƙarshen wata abokan aiki suna fita cin abincin dare, a ƙarshe a raba kuɗi daidai wa daida. Ni faranti ɗaya da ruwa nake tashi da shi, su kuma kwalabe ne ke ta zuwa. Sai in ga na biya ninkin abin da na ci, kuma raina bai kwanta da kuɗina ya shiga giya ba. Kunya ta hana ni magana.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan kunyar tana cin guminki, tana kuma hana ki barci, don haka ba kunyar da za a yaba ba ce. Lissafinki daidai ne. Gidajen abinci a kan abin sha suke samun riba mai kauri. Kwalbar giyar inabi ana sayar da ita a tebur ninki biyu zuwa uku na kuɗinta a kanti, wani wurin ma fiye. Kwalba ɗaya mililita 750 ce, gilashi biyar ke nan ko shida, ki ƙiyasta nawa teburin mutum takwas zai shanye a dare ɗaya. Ba mamaki kuɗin sha ya kamo kuɗin abinci.

Maganin yana ga lokacin magana. In kika bari sai an kawo bil, kowa ya ciro katinsa, sannan kika ce ke ba haka ba, nan ne abin yake nauyi. Ki faɗa tun ana zama, kafin a yi oda, da fara'a: ni ba na sha, zan biya nawa daban. Ki gaya wa weta ma, ya rubuta naki a gefe, ko ya ware abin sha a takarda daban. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu. A kowane tebur akwai mai tuƙi, ko mai juna biyu, ko wanda ya daina sha, kuma na'urar katin tana karɓar duk adadin da aka danna mata. Ina kyautata zaton akwai wata a cikinku da ke jiran wani ya fara faɗa.

Ki biya kasonki na kuɗin hidima a kan abin da kika ci. Gidaje da yawa suna ƙara kashi 10 ko 12.5 cikin 100, kuma in an rubuta cewa na ganin dama ne, kina da ikon cewa a cire idan hidimar ba ta yi ba. Ni ban so a cire shi haka kawai, musamman yanzu da doka ta tilasta, tun 1 ga Oktoban 2024, cewa duk tukwici da kuɗin hidima su tafi ga ma'aikata ba tare da mai gida ya yanki komai ba. Ruwan famfo kuma kyauta ne a duk gidan da ke da lasisin sayar da barasa, ki ce tap water, kada a kawo miki na kwalba.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma ba zan ɓoye miki ba. Hadisi ya zo da hani ga mumini ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Malaman da ke zaune a ƙasashen nan suna da bayani a kan halin ma'aikaci da larurarsa, ki kai musu tambayar. Abin da zan iya ba ki shi ne hanyar da za ta raba ki da matsalar tun daga tushe: ki zama mai zaɓar wuri. A titin Wilmslow da ke Rusholme, wanda ake wa laƙabi da Curry Mile, akwai gidajen abincin 'yan Pakistan da Larabawa da Kurdawa, da yawansu ba sa sayar da barasa. Ki kira tukuna ki ji ko suna barin baƙi su zo da kwalbarsu, domin wasu suna bari. Ko ki kawo shawarar haɗuwar hantsi a wani ƙaramin shagon gahawa ranar hutu. Kafin ki kai mutane ko'ina, ki duba makin tsafta da hukuma ke bayarwa daga 0 zuwa 5, koren tambarin nan da ake mannawa a ƙofa. A Ingila ba dole ba ne a manna shi, amma yana nan a shafin hukumar kula da ingancin abinci. Gidan da ya samu 5 ba ya ɓoyewa.

Tambaya: Hajiya, za mu aurar da 'yarmu a Kaduna. Masu shirya dina sun ce a sa kwalaben wayin marar giya a kowane tebur. Da gaske babu giya a ciki?

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Abu biyu ne ake sayarwa a kwalba iri ɗaya. Na farko ruwan inabi ne da aka sa wa iskar gas, bai taɓa zama giya ba, lemo ne a doguwar kwalba. Na biyu giya ce ta sosai da aka gama haɗawa sannan aka zare mata barasa da inji. Irin wannan, a ƙa'idar Turai, ana yarda ya rage har kashi 0.5 cikin 100 kuma a kira shi wanda aka cire wa barasa. Don haka kada ki tsaya a babban rubutun gaba. Ki juya kwalbar: in kin ga grape juice ko jus de raisin a jerin kayan haɗi, na farko ne. In kin ga de-alcoholised, ko lamba 0.5%, na biyu ne. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kuma ce a kawo miki kwalba ɗaya ki gani da idonki kafin a sayi katan-katan, domin ranar biki ba mai lokacin karanta takarda.

In ra'ayina kike so, kuɗin nan ya fi kyau a zobo mai citta da kanumfari, da kunun aya mai sanyi, da lemon tsamiya, a zuba su a tuluna masu kyau na gilashi. Baƙi za su sha su ƙara, kuɗin kuma zai shiga hannun matan da ke wannan sana'a a garinku. Kunun aya dai a yi shi ranar, a riƙe shi cikin ƙanƙara, ba ya jure zafi.

Tambaya: Ina so in fita da maiɗakina cin abinci a Abuja, ba manyan otal ba, wani ƙaramin wuri mai natsuwa. Wancan karon kuɗin da aka kawo min ya ɗara abin da na lissafa a menu nesa ba kusa ba. Ta yaya zan gane wurin kirki?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Ƙarin da ka gani galibi abu biyu ne: harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020, da kuɗin hidima da gidan ya sa wa kansa, sau da yawa kashi 5 zuwa 10. A Legas akwai ƙarin harajin jiha na kashi 5 a kan gidajen abinci da otal. Wasu suna haɗa duka a farashin menu, wasu sai a rasit. Tambaya ɗaya ce kafin oda: farashin nan har da haraji da kuɗin hidima? Ka kuma tambayi kuɗin duk abin da weta ya ba ka shawara a kai da baki, musamman kifi da ake sayarwa gwargwadon girmansa.

Wajen zaɓe, na fi yarda da gajeren menu. Ƙaramin kicin da ya ce yana yin abincin Sin da na Indiya da na Italiya da tuwo da miyar kuka, shafi goma, ba zai iya riƙe kayan nan duka sabo ba, dole wasu sun kwana biyu a firiza, a ƙasar da wuta ke zuwa tana tafiya. Gidan da ke da abinci goma ko sha biyu, wanda in ka makara za a ce maka wani ya ƙare, wannan yana girki kullum. Ka leƙa da rana kai kaɗai ka sha lemo kafin ka kai iyali. Ka shiga banɗaki ka gani, ka shaƙi iskar wurin ko akwai ƙaurin tsohon mai, ka lura ko mai gidan yana nan yana zagayawa. Ka tambaya ko suna sayar da barasa da kuma irin kiɗan da suke sawa da dare, don wurin da yake shiru da azahar yana iya zama wani abu daban bayan isha'i. Kuma ka tambayi uwargida abin da take marmari kafin ka yanke.

Tukwici, in hidima ta yi maka, ka miƙa wa wanda ya yi maka ita hannu da hannu.

Tambaya: Ina zuwa Istanbul saro kaya, a Laleli nake sauka. Abincin kusa da otal tsada, kuma ba daɗi.

Amsa: Alhaji, ka nemi abin da suke kira esnaf lokantası, gidan abincin 'yan kasuwa da masu sana'a. Tukwane ne a jere a bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka: miyar adas, wake da shinkafa, yalo da niƙaƙƙen nama, kaza da dankali. Da azahar ake cin su, zuwa la'asar mafi daɗin ya ƙare, kuma galibinsu ba sa sayar da barasa. Ka tambayi mai shagon da kake saye a wurinsa inda yaransa ke cin abinci, ba inda yake kai baƙi ba. Wurin da aka rubuta meyhane kuwa gidan shan giyarsu ta rakı ne, ka sani. Ka guji duk inda aka tsayar da mutum a ƙofa yana jan hannun masu wucewa, da inda menu ba shi da farashi.

Gahawarsu, wadda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2013, da sukarinta ake dafa ta, don haka tun wajen oda za ka faɗa: sade babu sukari, orta matsakaici, şekerli mai zaƙi. Ka bar ta ta ɗan kwanta, kada ka juya, ka tsaya in ka iso ga tukar da ke ƙasa.

Tambaya: Anti, matata tana son gahawar shago ƙwarai, kuɗin kuma yana yawa. Ina tunanin saya mata injin espresso. Muna Kano, kuma tana da ciki wata huɗu.

Amsa: Ɗan'uwa, bari in fara da cikin, shi ya fi inji muhimmanci. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce a 2015 babban mutum mai lafiya zai iya shan har miligiram 400 na sinadarin kafeyin a yini, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. Babban kofi ɗaya na gahawar gwangwani yana da kusan 100, na shayi kusan 75, espresso ɗaya tsakanin 60 da 80, kuma shaguna da yawa biyu suke zubawa a kofi ɗaya. Goro ma yana da shi, haka lemon kola da cakulan. Ke nan kofi ɗaya a yini, a lissafa da shayin safe, sannan ta gaya wa likitarta a wajen awo.

Injin kuwa, ban ba ka shawara ba. Espresso na gaskiya yana buƙatar ruwa ya ratsa gari da matsi mai ƙarfi, wanda ya kai 9 a ma'aunin da ake kira bar, da injin niƙa mai kyau wanda shi ma kuɗi ne, da wuta tsayayya da za ta ɗauki abin da ke jan fiye da wat 1,000. Ruwan rijiyar burtsatse yana tara masa farin ƙasa a ciki, in ya lalace kuma mai gyara da kayan gyara sai an sha wuya. Injinan da ke amfani da 'yan ƙananan kwanson garin gahawa suna da sauƙi, amma kullum kana neman kwanson da aka shigo da shi da dala.

Ka sayi butar moka, 'yar ƙaramar butar ƙarfen nan mai hawa biyu da Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933, wadda har gobe take a kicin ɗin yawancin gidajen Italiya. A kan gas ko risho take aiki: ruwa a ƙasa, gari a tsakiya ba tare da an danna ba, wuta kaɗan, da ta fara kurɓa-kurɓa a sauke. A ɗumama madara a kaɗa ta, ga abin da take saye a shago. Ko ka sayi French press, tulun gilashi mai matsewa: giram 15 na gari mai ɗan tsakuwa ga ruwa mililita 250, ruwan da ya tafasa ya huta minti ɗaya, a jira minti huɗu a danna. Ka haɗa da ɗan injin niƙa na hannu.

Ragowar kuɗin ka sa shi a ƙwayar gahawar kanta, nan ɗanɗano yake. Ka sayi ƙwaya ba gari ba, ka nemi ledar da aka rubuta ranar da aka gasa ta, ba ranar lalacewa kaɗai ba, ka sayi abin da za a shanye cikin wata guda. A ajiye a gwangwani mai murfi, nesa da rana da murhu, ban da firij, don tana jan danshi da warin abinci. Ka zaɓi nau'in arabika. Robusta, wadda ake yin yawancin gahawar gwangwani da ita, ta fi ɗaci kuma kafeyin ɗinta ya kusa ninki biyu. Ana noman arabika a tsaunin Mambila na jihar Taraba, in ka samu mai gasa ta gida ka gwada kafin ta waje. A watannin nan kuma ka nemo mata wadda aka cire wa kafeyin don kofin yamma, ɗan abin da ya rage a cikinta kaɗan ne ƙwarai. Allah ya raba lafiya.